Yadda ake gane ko ƙarfe biyu za su narke cikin juna bayan sun daskare

Kafin ka taɓa kalkuleta, fara tantance inda baƙon atam zai zauna. Na nikel yakan karɓe gurbin atam ɗin jan ƙarfe a cikin jeri, wato yadda atam ke jere a cikin daskararren ƙarfe. Na kabon kuwa ɗan mitsitsi ne, rabin faɗinsa nanomita 0.071, na baƙin ƙarfe 0.124, don haka a ratar da ke tsakani yake maƙalewa. Ƙa'idodin Hume-Rothery guda huɗu da za mu bi, wato girma, tsarin jeri, balensi da ƙarfin jan elektiron, na masu karɓe gurbi ne. Na sha ganin ɗalibai sun ɗora su a kan kabon, su ce ai ba zai shiga ba sam.

Sai lissafin girma. Ɗebe rabin faɗin ɗaya daga na ɗayan, ka raba da na mai masauki, wato wanda ya fi yawa, ka ninka da 100. Jan ƙarfe 0.128 ne, nikel 0.125, bambancin bai kai kashi 3 ba. Dalma 0.175 ce, bambancinta da jan ƙarfe ya doshi kashi 37, shi ya sa kusan ba ta shiga. Iyakar bambancin da ƙa'idar ta yarda da shi ita ce kashi 15. Kuma daga jadawali ɗaya za ka kwaso lambobin duka, domin littattafai kan saɓa kaɗan.

Yanzu duba tsarin jeri. Jan ƙarfe da nikel duk FCC ne, wato jeri mai siffar akwati da atam a kowace kusurwa da tsakiyar kowace fuska, suna gauraya a kowane kaso. Tutiya HCP ce, wato jeri mai kusurwa shida da atam a matse, girmanta ya yi daidai, amma ba ta kaiwa kashi 40 a cikin jan ƙarfe sai wani sabon tsari ya ɓullo.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Azurfa 0.144 ce, bambanci kashi 12.5, ƙasa da iyaka. FCC ce, ƙarfin jan elektiron ɗinta kusan ɗaya da na jan ƙarfe. Ɗalibi sai ya rubuta "narkewa cikakkiya" hankali kwance. Ina! Ko a digiri 779 na Salshiyas, kusan kashi 8 kawai jan ƙarfe ke ɗauka, in ya huce ma ya amayar da mafi yawa. Tsallake ƙa'idodin ba ya nufin an gama, dama kawai ya buɗe. Ni dai da zarar bambanci ya haura kashi 8, na daina sa ran cikakkiyar narkewa.

Balensi, wato adadin elektiron da atam ke haɗuwa da wasu da su, da ƙarfin jan elektiron ba sa cin lokaci: in tazarar jan elektiron ta yi yawa, sabon mahaɗi za su haifar.

Daga nan buɗe taswirar yanayi (phase diagram), wato zanen da ke nuna halin da cakuɗar ke ciki a kowane zafi da kaso, ka gwada amsarka, ka kuma rubuta zafin da kake magana a kai. Baƙin ƙarfe mai tsarin BCC, wato atam a kusurwoyin akwati da ɗaya a tsakiyarsa, iyakarsa kashi 0.022 na kabon a digiri 727, mai FCC kuwa yana ɗaukar kashi 2.14 a digiri 1147, saboda ratarsa ta fi faɗi.