Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Masu Amfani da Kwamfutar Kamfani Ɗaya

Na ga an kafa ƙungiyoyin masu sha'awar kwamfuta da dama, kuma yawancin waɗanda suka watse hanya ɗaya suka bi. Taron farko ɗaki ya cika har wasu na tsaye, na biyu aka samu rabin mutanen, kafin a kai na biyar kuwa babu kowa sai wanda ya kira taron da mutum biyu da suka kawo masa kwamfutocinsu domin ya duba musu. Ni ma na taɓa tsintar kaina a wannan hali, shi ya sa zan fi daɗewa a kan matakin da ya kayar da mu. Da Mac na kamfanin Apple zan riƙa misali domin shi na fi sani, amma masu ThinkPad na Lenovo ko wani iri daban za su iya bin tsarin ba tare da sun canja abu mai yawa ba.

Irin wannan haɗuwa tsohon abu ne. Tun 1955 masu aiki da manyan kwamfutocin IBM a Amurka suka kafa ƙungiyar SHARE domin musayar manhajoji da dabaru. A watan Maris na 1975 ƙungiyar Homebrew Computer Club ta yi zamanta na farko a cikin garejin mota a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, kuma a tarukanta ne Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya nuna kwamfutar Apple I. An kafa ƙungiyar masu kwamfutar Apple mai suna Washington Apple Pi a 1978, ɗaliban jami'a a Berkeley kuma suka kafa ƙungiyar masu Macintosh mai suna BMUG a 1984, shekarar da Macintosh, wato Mac, ya fito kasuwa. A wancan zamani idan kwamfutarka ta ƙi aiki ba ka da wanda za ka tambaya sai ɗan'uwanka mai irinta. Da intanet ta yaɗu sai wannan buƙata ta ragu, har babbar ƙungiya kamar Boston Computer Society, wadda aka kafa a 1977, ta rufe a 1996. Saboda haka wanda zai kafa ƙungiya a yau ya san cewa amsoshin tambayoyi suna ko'ina. Abin da mutane za su baro gida dominsa shi ne su samu wanda zai zauna kusa da su, ya ga inda suke kuskure da idonsa, ya yi haƙuri da su har su iya.

Mataki na farko, kada ka sanar da kowa komai sai ka samu mutum uku da suka yi maka alkawarin zuwa tarurruka shida a jere. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar da ta dogara ga mutum ɗaya takan tsaya ranar da ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya. Ba dole ne su uku su zama gwanaye ba. A gaskiya na fi son a samu ɗaya daga ciki wanda bai daɗe da sayen kwamfutar ba, domin shi ne zai riƙa tunatar da sauran cewa abin da suke gani mai sauƙi yana ba wasu wahala. Ku raba aiki tun a zaman farko: ɗaya ya kula da wurin taro da mabuɗinsa, ɗaya ya riƙe sunayen mambobi ya tura musu saƙon tunatarwa, ɗaya kuma ya nemo wanda zai yi bayani a kowane zama.

Mataki na biyu shi ne iyaka da suna. Ku yanke shawara ko ƙungiyar ta kwamfuta ce kaɗai, ko za ta haɗa da wayoyi da sauran na'urorin kamfanin. Ra'ayina shi ne a tsaya a kan kwamfuta a shekarar farko, domin da zarar an buɗe ƙofar waya, tambayoyinta sukan cinye lokacin duka. Game da suna kuwa, a tuna cewa sunan kamfani da tambarinsa mallakarsa ne a doka. Ku zaɓi sunan da ke nuna cewa ku masu amfani ne da kayan, kada ya sa mutane su zaci reshen kamfanin ne ku, kada kuma ku buga tambarinsa a riguna ko takardun sanarwa ba tare da izini ba. Sannan ku kafa doka tun farko cewa ba a zagin kayan wani kamfani a zama. Mutane da yawa suna aiki da Windows a ofis su koma ga Mac a gida, wasu kuma sun zo ne su gani ko za su canja, idan suka ji ana raina abin da ke hannunsu ba za su dawo ba.

Mataki na uku, rana da wuri. Ku tsayar da rana ɗaya wadda ba ta motsi, misali Asabar ta biyu a kowane wata, da ƙarfe kaza, kuma ku zauna ko da mutum huɗu ne suka zo. Ƙungiyar da ke tambayar mambobi kowane wata ranar da ta fi musu sauƙi ba ta daɗewa. Kada ku kama hayar zaure, domin kuɗin haya ne kan tilasta wa sabuwar ƙungiya ta fara neman kuɗi a hannun mutanen da ba su ga amfaninta ba tukuna. Aji a makaranta ko ɗakin taro a laburare ya wadatar, muddin akwai tebura, da soket, da intanet da za ta ɗauki mutum goma a lokaci guda. Ban yarda a yi zama a shagon da ke sayar da kayan ba, ko da kyauta ya bayar, domin babu mai iya faɗin aibin kaya a gaban mai sayar da su. Ku je wurin kwana ɗaya kafin taro ku gwada majigi da ainihin kwamfutar da za a yi bayani da ita. MacBook Air ba shi da ramin HDMI da ake jona majigi da shi, tsofaffin majigi da yawa kuma tsohon mahaɗi na VGA kawai suke karɓa, don haka ku sayi adafta ta USB-C ta zama mallakar ƙungiya, a ajiye ta cikin jaka ɗaya da doguwar wayar jona wuta.

Mataki na huɗu shi ne abin da za a yi da kwamfutocin da mutane za su kawo, kuma a nan ne muka faɗi. Duk yadda ka rubuta sanarwa, rabin waɗanda za su zo sun ɗauka wurin gyara ne na kyauta. Mu ba mu shirya wa hakan ba. A zamanmu na uku wani dattijo ya shigo da kwamfutarsa a nannaɗe cikin tawul, ya ce ta yi nauyi, sai ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta buɗe. Ina gaba ina bayani, sai wani matashi daga cikinmu, mai ƙwazo da son taimako, ya karɓe ta ya koma gefe, ya goge rumbun ajiyar gaba ɗaya, ya sa babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, sabuwa. Kwamfutar ta tashi da sauri kuwa. Dattijon ya sa tabarau, ya buɗe wurin hotuna, ya ga wayam, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, ina hotunan jikokina?" Na matso na ce, "Baba, akwai inda kuka ajiye kwafinsu?" Sai ya dube ni, domin bai san ana ajiye kwafi ba, kuma babu wanda ya tambaye shi kafin a taɓa masa kaya. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da ita cikin tawul ɗin, ya yi mana sallama ya fita, matashin ma kunya ta hana shi sake zuwa. Har yau abin yana damuna, kuma laifina ne da ban kafa ƙa'ida ba tun kafin a buɗe ƙofa.

Ƙa'idar da na ɗauka tun daga ranar ita ce mai kwamfuta shi ne mai taɓa madannanta. Mai taimako ya zauna a gefe, ya nuna da yatsa, ya faɗi abin da za a danna, ya jira. Wannan ya fi cin lokaci, wani lokacin har mai taimakon ya ƙosa, amma mutum zai koma gida ya san abin da aka yi, kuma ba zai dawo wata mai zuwa da matsalar nan ba. Kalmar sirri mai ita ne kaɗai zai shigar, sauran su kawar da kai, kada a rubuta ta a takarda a miƙa wa kowa. Ba a goge rumbun ajiya a wurin taro, ba a sake sa babbar manhaja, kuma ba a sabunta ta zuwa sabon zubi sai an ga kwafin ajiya da ido. Cewar mai kwamfuta "ina jin akwai" ba ta isa ba. A buɗe a duba kwanan watan kwafin ƙarshe. Tun 2007 Mac ke zuwa da Time Machine, wanda ke kwafe komai zuwa wani rumbu na waje da kansa, amma za ka yi mamakin yawan waɗanda ba su taɓa kunna shi ba. Shi ya sa nake ganin darasin zama na farko na kowace sabuwar ƙungiya ya zama na ajiye kwafi, a kuma maimaita shi kowace shekara.

Akwai wasu abubuwa uku da ya kamata a ƙi su kai tsaye, cikin ladabi. Na ɗaya, buɗe cikin na'ura da sukudireba. Tun da Apple ya fara amfani da injinsa na M1 a 2020, ƙwaƙwalwar aiki a haɗe take da injin, ba a ƙara ta bayan an saya, saboda haka babu ƙwaƙwalwar da mai sha'awa zai ƙara a ciki, sai dai ya lalata wani abu ko ya jawo matsala da garanti. Na biyu, kwamfutar da aka saya a hannun wani alhali tana kulle da asusun mai ita na farko. Maganinta shi ne a koma ga wanda ya sayar ya cire ta daga asusunsa, kuma ƙungiya ba ta da hanyar sanin ko ta sata ce, don haka kada ta sa hannu. Na uku, musayar manhajojin da aka sace. Akwai na kyauta masu kyau kamar LibreOffice na rubutu da lissafi, da GIMP na gyaran hoto, da VLC na kunna bidiyo, a koya wa mutane su.

Domin kada gyara ya cinye zaman, a ba shi lokacinsa a ƙarshe. Awa biyu sun isa: minti 15 na gaisuwa da gabatar da baƙi, minti 40 na bayani a kan abu ɗaya tak, rabin awa na tambayoyi, sauran lokacin a zauna bibbiyu a tebur. A raba ƙananan takardu a bakin ƙofa kowa ya rubuta tambayarsa, domin masu jin nauyin magana cikin jama'a su ne suka fi buƙatar amsa, kuma takardun da ba a kai gare su ba su ne darasin wata mai zuwa. Kada mutum ɗaya ya yi bayani sau biyu a jere, ko da ya fi kowa sani. Mai ɗaukar hoto ya nuna yadda yake tsara hotunansa, malamin makaranta ya nuna yadda yake shirya jarrabawa, mai lissafin kuɗi ya nuna tsarinsa. Irin wannan ya fi riƙe mutane a kan karanto musu jerin sabbin kayan da kamfani ya fitar.

Sauran matakan ba su da wuya. Kada a karɓi kuɗin shiga a watanni shida na farko. Idan buƙata ta taso, a sa ɗan abin da kowa zai iya, a naɗa ma'aji wanda ba shi ne shugaba ba, ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Sunaye da lambobin wayar mambobi amana ne, ba a ba wa ɗan kasuwa ko da ya yi alkawarin rangwame. Tsarin mulki shafi ɗaya ya isa, rajista da hukuma kuwa sai an kai ga buɗe asusun banki, a bi dokar ƙasar da ake ciki. Idan shekara ta cika a yi zaɓe, wanda ya kafa ƙungiyar ya miƙa wa wani mabuɗin ɗaki, da littafin sunaye, da jakar adafta, shi kuma ya koma tebur na baya inda ake zama da sababbin zuwa.