Yadda za ka gano kufan ƙauye a Ingila ta hanyar tsohon cocinsa

In tafiya ta kai ka Ingila kuma tarihi na burge ka kamar ni, don Allah kar ka tsaya a manyan coci-cocin birni kawai. Akwai ƙauyuka wajen 3,000 da suka zama kufai, kuma sau da yawa cocin ne kaɗai ya rage a tsaye don shi aka gina da dutse, gidajen talakawa kuwa yawanci katako ne da laka, tuni ƙasa ta cinye su.

Fara da taswirar Ordnance Survey, wato hukumar zana taswira ta Birtaniya, in ka ga coci zaune shi kaɗai tsakiyar makiyaya ba gida ko ɗaya kusa, to ka dace. Ka je lokacin sanyi da sassafe ko yamma lis, ciyawa ta kwanta rana ta yi ƙasa, inuwa ce za ta fito maka da tudun gidaje da kwarin tsohuwar hanya.

Da isarka nemi gabas, can bagadi yake, wato teburin ibada na gaban coci, hasumiyar ƙararrawa kuma galibi yamma. A zamanin da, babban ɗakin tsakiya na mutanen gari ne su ke gyaransa da guminsu, ɓangaren bagadi kuma yana wuyan wanda ke karɓar ushirin amfanin gona. A cocin ake wa jariri baftisma, a bakin ƙofa ake ɗaura aure, a farfajiya ake binne kowa, ƙararrawar ce ma agogonsu.

Sai ka ƙura wa bango ido, nan labarin yake wallahi. A cocin St Martin na Wharram Percy a Yokshaya za ka ga bakan gizon da aka toshe da dutse, wato da jama'a suka yawaita an faɗaɗa ginin, da suka ragu aka rushe gefen aka liƙe wurin. Ni abin nan na taɓa min zuciya sosai. Kuma kar ka ɗora mutuwar ƙauyukan duka kan babbar annobar 1348 da ta kashe ɗimbin jama'a, mutanen ƙarshe na ƙauyen nan mai ƙasa ne ya tashe su wajen 1500 don kiwon tumaki ya fi kawo kuɗi, amma maƙwabta suka ci gaba da zuwa ibada har 1949, hasumiyar ta rufta a 1959. Cocin All Saints na Dunwich, wani gari a bakin teku, kuwa teku ce ta ci shi.

Yawancin wuraren nan gonar wani ce, ka bi hanyar ƙafa da aka ware, ka rufe ƙyaure saboda dabbobi, kuma kar ka shiga da na'urar neman ƙarfe, laifi ne a wurin da doka ta kare in ba ka da izini.