Kayan da za ka saka in za ka yi nutso a ruwa mai ɗumi

Kada ɗumin saman teku ya ruɗe ka. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki 20 ko sama da haka, shi ya sa mai nutso da tukunyar iska yake iya fitowa yana karkarwa bayan minti 50 a ruwa mai digiri 28 a ma'aunin Celsius. Kafin ka zaɓi riga, tambayi masu jirgi zafin ruwan a zurfin da za a kai, da kuma sau nawa za a shiga a yini.

Rigar nutso ta robar niyofirin ce, da milimita ake auna kaurinta. In ruwa ya kai digiri 29, riga marar kauri mai kama jiki ta wadatar. Tsakanin 26 da 28, ɗauki mai milimita 3. Daga 25 zuwa 22, sai mai 5. Bahar Maliya, wajen Sharm el-Sheikh da Hurgada a Masar, tana kai 28 a watan Agusta, amma a Fabrairu takan sauka wajen 22. Siriri ko mai saurin jin sanyi ya ƙara kauri, haka ma wanda zai shiga sau uku a rana, domin sanyin taruwa yake yi. Ga kuma matsin ruwa: a mita 10 ya ninka na sama, yana matse robar, ɗuminta ya ragu.

Doguwa mai rufe hannu da ƙafa ta fi gajera nesa ba kusa ba, ko da ruwan ya yi ɗumi, saboda tana kare fata daga rana, da kaifin murjani, da halittun ruwa masu harbi.

Zaman rigar a jiki ya fi kaurinta muhimmanci. Ta kama wuya, da wuyan hannu, da idon sawu. In akwai sako-sako a hamata ko gadon baya, ruwa zai riƙa shiga yana fita, jiki bai gama ɗumama wannan ba wani sabo ya shigo. In kuma ta matse ƙirji har dogon numfashi ya gagara, ta yi kaɗan. Mace mai son rufe kai ta sa hular nutso mai haɗe da wuya. Mayafi mai yawo yana iya sarƙewa da tiyon iska, in ya shiga ƙarƙashin bakin tabaran nutso kuma ruwa ya yi ta yoyo.

Duk sanda ka canza kaurin riga, sake gwada nauyin dalmar da kake ɗaurawa a ƙugu don ka iya nutsewa, don robar tana tasar da mutum sama. Kana saman ruwa, fitar da iskar rigar yin iyo kaf, wato falmaran da ake hura wa iska don daidaita tasowa, ka riƙe numfashi na daidai: ruwa ya tsaya maka a saitin ido. In tukunyar cike take, ƙara kilo 2 na dalma, saboda tukunyar za ta rage nauyi in ka shaƙe iskar.

In ta bakin gaɓa za a shiga, sa takalmin roba kafin faffaɗan takalmin iyo, saboda duwatsu. Safar hannu kuwa, tambaya tukuna. Wurare irin su tsibirin Bonaire sun hana ta don kada a riƙa taɓa murjani. Bayan an fito, ɗauraye rigar da ruwan daɗi, ka shanya ta a inuwa, domin rana tana busar da robar har ta tsattsage.