Idan mota ta mutu maka a hanya

Jama'a, don Allah a kula. Ko hanyar Kano ta Kankiya ce, ko ta Daura ta Mashi, mota na fara shaƙewa ka gangara gefe sosai, ka kunna fitilun gargaɗi. Kowa ya fito, har yara, a tsaya nesa da kwalta. Kada wanda ya zauna a bayan motar yana latsa waya.

Alamar nan mai kusurwa uku a kai ta can baya da nisa. In babu, a sa ganye, amma a kwashe kafin a tafi. Abin da ke tayar min da hankali shi ne direba mai tahowa idonsa na kan waya: a gudun kilomita 100, daƙiƙa biyu kacal ya ci fiye da mita 50 bai ga gabansa ba.

Lambar hukumar kiyaye haɗurra 122.