Yadda Za Ka Saurari Berkley Jones, Makaɗin Jitar Da Legas Ta Manta

Tsayar da mutane a Agege ko Idi-Araba ka tambaye su makaɗan Legas na da, za su kawo maka Fela, su kawo Sunny Ade da Ebenezer Obey. Da wuya ka ji wanda zai ce Berkley Jones. Ni sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, sautin jita iri-iri ya bi ta cikin sifikun shagona, kuma a jitar rok ta ƙasar nan ban ji hannun da ya fi nasa ba. Abin yana damuna, shi ya sa nake son in nuna maka, ɗan'uwa, yadda za ka nemo aikinsa ka saurare shi yadda ya kamata.

Fara da sanin mutumin. Shi ne mai jita a ƙungiyar BLO da aka kafa a Legas a 1972. Su uku ne: Berkley Jones, da Laolu Akins mai ganguna, da Mike Odumosu mai jitar bes. Kafin nan Berkley da Laolu sun yi aiki da Ginger Baker, Baturen Ingila da ya yi wa ƙungiyar Cream kiɗan ganga, wanda ya zo ya zauna a Legas har ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja. Ya tafi da su Turai da Amurka a ƙungiyarsa Salt, da suka dawo gida sai suka tsaya da ƙafarsu, suna tsara waƙoƙinsu da kansu. Faifansu na farko, Chapter One, kamfanin EMI ne ya fitar da shi a 1973. A wannan shekarar ce Paul McCartney, mawaƙin Ingila da ya yi suna a ƙungiyar Beatles, ya zo ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke Apapa ya yi aikin faifansa. Duniya ta riƙe labarin baƙon, ta bar na 'yan gida.

Wurin samun faifan, kada ka wahalar da kanka da neman bugun asali. Masu tara tsofaffin faya-fayai daga ƙasashen waje sun daɗe suna kwasarsu, wanda ya rage kuma tsada gare shi. Kamfanin Mr Bongo na Ingila ya sake buga Chapter One, kamfanin Strut kuma ya tattara waƙoƙinsu a faifai ɗaya mai suna Phases 1972–1982. Kana iya leƙa shagon faya-fayai na Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi ka tambaya. In babu hali, YouTube ma ya isa a fara, amma don Allah kada ka saurara da sifikar waya. Ba ta fitar da bes, kuma kiɗan mutum uku in ka cire bes ka zubar da kashi ɗaya cikin uku. Sa abin kunne mai kyau, ko ka jona wayar da amfilifaya.

Idan Allah ya haɗa ka da tsohon faifai, a akwatin wani dattijo ko wurin masu gwanjo, ɗaga shi ka karkata shi ga haske. Zanen da ido ke gani amma farce ba ya jin sa, yawanci ba komai. Wanda farce ya maƙale a ciki, allura ma za ta maƙale. Danshin Legas yana sa farar fumfuna ta kwanta a cikin layukan faifai, sai an wanke. Samu tataccen ruwa daga kemis, ka ɗiga masa sabulun ruwa ɗigo ɗaya, ka goge da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layukan, kada ka ratsa su. Takardar tsakiya kada ruwa ya taɓa ta. Jingine shi a inuwa ya bushe, domin rana lanƙwasa shi za ta yi, kuma in ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. Kananzir da fetur kuwa, ko kusa. Ajiye shi a tsaye, kada ka jibga wasu a kansa.

Sai maganar wuta. Yawancin tsofaffin garmaho injinsu yana bin bugun wutar lantarki ne wajen juya faifai. Ƙaramin janareta ba ya riƙe bugu ɗaya, sai ka ji jita tana hawa tana sauka, ka ɗauka laifin makaɗi ne. Jira a kawo wuta, ka sa gudun a kan 33, ka duba allurar ba ta cinye ba.

Yanzu sauraron kansa. Ni da waƙar Chant to Mother Earth nake sa mutum ya fara, don tafiyarta a hankali take, tana ba kunne fili. Jin farko, bar ta ta wuce kawai. Jin na biyu, manta da muryoyi, ka bi jita ita kaɗai. Za ka ji sautinta da kaushi yana jan dogon numfashi, kamar yadda mai goge yake riƙe tsirkiya har sai ta yi kuka. Wata 'yar na'ura ce da yake takawa da ƙafa take ba ta wannan kaushin, wata kuma tana buɗe sautin tana rufewa, ita ce masu jita ke kira "wah-wah". Waɗannan na'urori kowa na iya saya. Abin da ya bambanta shi shi ne sanin inda zai shiga da inda zai yi shiru ya bar wa Laolu fili. Ƙungiyar Fela tana da masu busa da tarin makaɗa da ke cike wuri. Nan babu wannan gatan: jita ce ke riƙe amo, ita ce ke amsa mawaƙi, ita ce kuma ke fita gaba idan lokacinta ya yi.

Daga nan nemi faifan Try and Love na ƙungiyar Ofege, shi ma na 1973. Yara ne 'yan makarantar St. Gregory's da ke Obalende, kuma Odion Iruoje, mai shirya faya-fayai a EMI, ya kawo Berkley Jones ya kaɗa musu jitar da ke jan gaba. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, mutane da yawa sun so wannan jitar ba su san hannun wa ba ne. Saurari faya-fayan biyu a jere, kunnenka zai gane shi.

Abin da ya rage na baki ne. Idan za ka tura wa abokai waƙar a WhatsApp, kada ka tura ta tsirara, rubuta sunansa cikakke da shekarar. Dattawanmu da suka yi zaman Obalende da Ikko a shekarun 1970 suna nan a majalisu da bakin masallatai. Je ka gaishe su, ka ce, "Baba, ko kun ji kiɗan BLO a zamaninku?" Wani zai ce shi ya bar kiɗa tuni, ka girmama shi ka canza magana. Wanda ya saki jiki, nemi izininsa ka ɗauki muryarsa a waya, ka tambaye shi a ina ya ji su, a rediyo ne ko a wurin wasa, sannan ka rubuta ranar da kuka yi hirar da unguwar da ya zauna a lokacin.