Yadda ake sa wa ƙaramar mota turbo ba tare da an kashe injin ko an zazzage aljihu ba

Duk mai Civic ko Corolla da ya taɓa taka totur zai wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya, mota ta yi ta kuka amma ba ta tafiya, ya san dalilin da ya sa mutane ke maganar turbo. Aikinsa ba wani sirri ba ne, hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƴar fanka, ita kuma ta juya ta biyu da ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Iskar da muke shaƙa nauyinta wajen psi 14.7 ne (psi ma'aunin matsin iska ne), to in ka ƙara psi 7 a kai kusan rabin iska ka ƙara wa injin kenan, ka ba shi fetur daidai da haka sai ƙarfi ya ƙaru sosai. A wajen ba da fetur ɗin nan ne yawancin mutane ke asarar injinsu.

Da farko ka duba lafiyar injin kafin ka sayi ko da kusa ɗaya. Ka je wajen bakaniken da ke da abin gwajin kwamfireshan ya gwada silinda huɗun nan, bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba. In motarka tana shan baƙin mai, ko tana shuɗin hayaƙi, ko kullum sai ka ƙara ruwa a lagireto, to dan Allah ka ajiye maganar turbo tukuna ka gyara ringi da gasket. Kuma mai giyar hannu ta fi dacewa, tsohuwar otomatik ta ƙaramar mota ba ta cika jure ƙarin ƙarfi ba.

Sai ka san injin da kake da shi. Civic ta 1996 zuwa 2000 mai injin D16 tana cikin waɗanda aka fi yi wa wannan aiki a duniya, kayanta a wadace suke. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Pontiac Vibe injin 1ZZ mai lita 1.8 suke ɗauke da shi, matsinsa 10 ne bisa 1, wato dama can a matse yake, don haka ba ya son a cika masa iska. A duka biyun, muddin fistin da kwanrod na kamfani ne, ka tsaya a psi 5 zuwa 7. Ni a ganina ma 5 ɗin ta isa ga motar da kake kai yara makaranta da ita, ga zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40, ga fetur da ba kullum ka san ingancinsa ba.

Wajen sayen turbo, ƙarami za ka nema. Babba sai injin ya kai can sama kafin ya fara aiki, kai kuma a cikin gari kake yawo tsakanin go-sulo da danja. K03 na Golf 4 mai 1.8T ko TD04 na Subaru sun yi daidai da injin lita 1.6 zuwa 1.8, kuma za ka iya samun na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo. Na fi yarda da tsohon na asali a kan sabon da ba shi da ko suna a jiki. Ka sa yatsa ka girgiza sandar tsakiya, ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana shiga tana fita, ko fankar tana gogar jikin gidan, ko akwai tsagewa a ɓangaren hayaƙi, mayar masa da kayansa.

Bayan nan sai aikin mai walda. Ana buƙatar manifol da turbon zai zauna a kai, da bututun da zai haɗa shi da salansa, da intakula a gaban lagireto don sanyaya iskar, tunda iska in aka matse ta zafi take ɗauka. Manifol ɗin a yi shi da ƙarfe mai kauri, siriri tsagewa yake yi cikin ƴan watanni. Duk wata waya ko tiyo da ke kusa da turbo a kauda ita ko a naɗe ta da abin kare zafi.

Layin baƙin mai kuwa a tsaya a yi shi da natsuwa, don sandar nan tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti kuma a kan mai kawai take yawo. Ana ɗauko man daga wajen da suwic ɗin oyil yake ya shiga ta saman turbo, ya fita ta ƙasa ya koma kwanon mai. Tiyon komawar nan dole ya zama mai faɗi, ya gangara ƙasa ba lanƙwasa, kuma ramin da za a huda ya kasance sama da inda mai yake tsayawa, in ba haka ba man zai taru ya dinga fita ta salansa ka ɗauka turbon ne ya mutu. A cire kwanon kafin a huda, a wanke shi tas, ɓurɓushin ƙarfe kaɗan ya isa injin ya buga.

Yanzu ga inda kuɗinka ya kamata ya tafi. Fetur da ƙwaƙwalwar mota. Nozul na kamfani ba za su iya ba da man da ake buƙata ba, sai a sa manya, a sa famfon fetur irin Walbro 255, a canza fulogi zuwa masu sanyi mataki ɗaya a rage bakinsu zuwa wajen milimita 0.7. Birenbos na asali, wato ƙwaƙwalwar motar, bai san akwai turbo ba, don haka ko a sake masa lissafi, kamar yadda masu Honda ke yi da Hondata, ko a sa wani daban irin Speeduino ko Megasquirt masu sauƙin kuɗi. Ka sayi mita mai nuna haɗin iska da fetur, a tafiyar yau da kullum 14.7 take nunawa, amma da turbo ya fara turo iska dole ta sauko wajen 11.5 zuwa 12, sannan a ja taimin baya kaɗan. In ta tsaya a 13 ko 14 kana kan totur, fistin narkewa yake yi, wallahi cikin daƙiƙoƙi. Kafin ka fara komai ka tabbatar ka samu mai iya wannan saiti da kwamfuta, ba mai wayarin kawai ba, in babu shi a garinku to gara ka sayar da motar ka nemi Golf 4 1.8T wadda ta zo da turbonta daga kamfani.

Ranar tayarwa ta farko ka zuba ɗan baƙin mai ta ramin da mai ke shiga turbo, ka cire fiyus ɗin famfon fetur ka yi ta ba ta kiy na ƴan daƙiƙoƙi har mai ya zagaya, sannan ka tayar ka bar ta a sulo kana duba yoyo. Fita ta farko a hankali, gilashi a sauke kana saurare, da ka ji ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani ka ɗaga ƙafa nan take a koma saiti.

Kulochi zai iya fara zamewa, ka tanadi kuɗinsa, birki da tayoyi ma a duba su. Baƙin mai sai sintetik kuma ka dinga juye da wuri fiye da da, filtar iska ka riƙa dubawa duk sati lokacin hunturu saboda ƙura tana cinye fankar turbo. In ka dawo daga doguwar tafiya kar ka kashe mota kana tsayawa, ba ta minti ɗaya ko biyu a sulo mai ya sanyaya turbon tukuna.