Yadda ake auna haske da karanta histogaram a kyamara

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana aiki ne bisa zaton cewa duk abin da aka sa a gabansa ruwan toka ne, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Shi ya sa sababbin masu ɗaukar hoto suke dawowa daga ɗaurin aure da hotunan da farar shadda ta dushe, fuskoki kuma suka yi duhu, domin ma'aunin ya ga fari ya yi yawa sai ya rage hasken.

Fara da zaɓen salon awo. Wanda Canon ke kira Evaluative, Nikon kuma ke kira Matrix, yana raba hoton gida-gida ya auna kowanne, kuma a kansa ya kamata kyamararka ta zauna kullum. Wanda ke fifita tsakiyar hoto ka bar shi kawai. Spot yana auna ɗan ƙaramin wuri, kuma ranarsa ita ce idan haske yana bayan mutum: ɗora shi a kan fuska, danna maɓallin kulle awo, AE-L a Nikon ko alamar tauraro a Canon, sannan ka daidaita hoton. Idan fatar mai duhu ce, rage hasken kaɗan, in ba haka ba kyamara za ta haskaka ta fiye da yadda take.

Bayan ka ɗauka, kada ka yarda da abin da allon kyamara ya nuna maka, kuma a nan ne na fi ganin masu koyo suna faɗuwa. A tsakar rana allon yana sa hoto mai kyau ya zama kamar ya yi duhu, sai mutum ya yi ta ƙara haske har ya ƙona shi. Buɗe histogaram, wato zanen da ke kama da tudu wanda ke nuna yadda haske da duhu suka rabu a hoton. Gefen hagu, wato 0, baƙi ne ƙirin, gefen dama, wato 255, fari ne fat, tsawon tudun kuma yana nuna yawan ɗigon hoton da ke da wannan hasken. Babu wata siffa da ake kira daidai, domin hoton dare dole ya karkata hagu. Abin da za ka tsare da ido shi ne bangon dama. Idan tudun ya manne masa ya hau sama, farin ya ƙone, kuma babu manhajar gyaran hoto da za ta dawo da aikin da ke wuyan babbar riga.

Saboda haka, ga fararen kaya sai ka ƙara +1 da maɓallin +/-, wato na ƙara haske ko rage shi, ka ɗauka, ka duba, ka riƙa ja baya da sulusi-sulusi har tudun ya kusanci bangon bai taɓa shi ba. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ko da zai cinye katin ajiya, domin sayen kati ya fi sauƙi a kan asarar hotunan biki, kuma histogaram ɗin daga JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, ake zana shi, don haka RAW yakan bar maka ɗan sarari.

A yanayin M, inda kai ne ke saita kyamara da hannunka, maɓallin +/- ba ya canza hoton sai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, yana kan Auto, saboda haka saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske, za ka gyara da kanka.